Ciwon Kan da Mama Ba Ta Yarda da Shi Ba

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ya kai shi cibiyar binciken rana, amma da ya hau tsani sai idonsa ya bar wayoyi ya koma kan budurwar da ke gaban kwamfuta. A allonta wasu lanƙwasassun zaren wuta ne jere, kamar ƙofofi.

Da ya tambaya, ta ce in rana ta yi aman wuta, layukan maganaɗisunta da suka tsinke sukan sake haɗuwa su lanƙwashe haka a samanta. Aikinta ta juya madubin hangen nesa kansu kafin su dushe, don ba sa jiran kowa. Ko rabi bai gane ba, amma ya yi ta dawowa duba na'urar da lafiyarta ƙalau, har mai gadi ya fara yi masa dariya.

Tana ce masa Injiniya, shi kuma Haskena.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, tsohuwar ungozoma, ko ruwa budurwar ba ta gama sha ba wayarta ta yi ƙara. Rana ta yi aman da ta daɗe tana jira. Kunya ta hana ta faɗa, sai ta dafe goshi ta ce kanta ke ciwo, ta fice.

Ita kuwa Mama, da ta tsufa cikin masu ciwo, ba a yi mata ciwon ƙarya.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Haskena, Mama ta gane. Ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai yi mata ƙarya ba. Ba zan iya saɓa mata ba, ba zan iya rasa ki ba."

Ta sha kuka, sannan ta rubuta: "Ni na ɓata, Injiniyana. Ni zan gyara."

Ta je wurin Mama ita kaɗai, ta durƙusa ta faɗi komai, ta nuna mata hotunan zaren wutar da ta ɗauka a ranar. Mama ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo.

"Wato su ma in sun zo, sun zo kenan?"

"Haka ne, Mama."

"Ke yarinya, sau nawa na bar baƙi a falo saboda naƙudar wata? Da kin faɗa min gaskiya, da ni zan tare miki mota."

Ranar aurensu, Mama ta haɗa hannayensu cikin nata, farin ciki ya hana ta zama. Ta roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya na gari, sannan ta dubi ɗanta.

"Duk ranar da aiki ya kira 'yata, kai za ka ƙarasa girkin. Allah ya yi muku albarka."