Mai Kwafi da Masu Riƙon Zare

An yi wani ɗan ƙanƙanen gari, ƙwayar halitta guda a jikin wani jariri da ke cikin uwarsa. A tsakiyarsa akwai zaren gado, wato DNA, mai ɗauke da tsarin ƙashi, da gashi, da komai na jiki.

Mai kwafin garin gwani ne wajen kwafe tsarin da ke jikin zaren, amma al'ada ita ce ba ya farawa sai inda sunadarai masu riƙon zaren suka zauna.

Ran nan ya iso wurin tsarin ƙashi a jikin zaren, duk ya ƙagu. Ya ce wa tsohuwar sunadaran, "Iya, in fara?"

Ta ce, "Wa ka ga ya zauna nan? Wuce."

Ya iso wurin gashi. "Iya, in fara?"

"Wa ka ga ya zauna nan? Wuce."

Ransa ya ɓaci, amma ya wuce. Can tsohuwar ta lalubo gurbin da ya yi daidai da ita, ta zauna daram, 'yan'uwanta suka kewaye ta. Ta ce, "Bismillah, ɗana."

Ya kwafa, bai san abin da ake ginawa ba.

Ranar da aka haifi jaririn, haske ya cika garin. Ashe a cikin ido suke. Mai kwafi ya yi ta kallo, domin fuskar uwa ce ta fara ratsowa ta garinsu.