Sunan Da Ya Faɗa A Zauren Sendai

Tun a cikin jirgin ƙasa suka fara gardamar, har suka iso taron likitocin yara a Sendai ba su gama ba.

Chisato ta ce ba ita ta kafa dokar ƙasarsu ba: in an yi aure, dole miji da mata su ɗauki suna ɗaya. Ryohei, saurayinta, ya ce ya sani, amma duk binciken da ya wallafa tun yana ɗalibi da sunan gidansu, Kuwabara, ya fito. Ranar da ya canza, ya koma sabon shiga.

Ita kuwa ita kaɗai iyayenta suka haifa. Ƙaramin asibitinsu na ƙauye a Akita kakanta ne ya buɗe shi, sunan gidansu, Moriyasu, ne a allon ƙofa. Mahaifinta bai hana ta Ryohei ba. Abu ɗaya ya roƙa, mijin ya shigo gidan ya ɗauki sunan, yadda ake yi in babu ɗa namiji.

"Ryo, Baba yana cikin ginin nan... yau zai koma, kuma yau yake jiran amsa."

"Je ki shirya jawabinki, masoyiyata. Dubi yadda hannunki yake rawa."

"Ban tambaye ka labarin hannuna ba."

Ya juya ya shige cikin jama'a.

Ta karɓi kwalin abincin rana, ta kasa ci. Ta zauna, ta tashi. Ta zaga wajen da aka manna sakamakon bincike, tana rusuna wa manya, tana karɓar katin suna da hannu biyu, ba ta riƙe sunan kowa ba. Ta duba waya, babu saƙo. Ta sake dubawa.

Da lokacinta ya yi ta hau dandamali. Ta yi magana a kan yaran ƙauye masu ciwon asma, da yadda dusar ƙanƙara take tsare su a gida har ciwon ya yi tsanani. Ta hango mahaifinta a gefe cikin tsohuwar kwat ɗinsa, ya dafa gwiwoyi. Ryohei ne ba ta gani ba. Ƙararrawar cikar lokaci ta buga, ta rufe jawabin da ƙyar.

Shugabar zaman, wata dattijuwar likita, ta ba da damar tambaya. Duk wanda ya tsaya gaban makirufo sai ya fara faɗin sunansa da wurin aikinsa, kafin ya gode wa mai jawabi. Mutum na farko ya yi, ta amsa masa. Na biyun Ryohei ne.

Ya tsaya gaban makirufon.

"Sunana Ryohei... Moriyasu. Daga asibitin Moriyasu na Akita, in sun karɓe ni."

Zauren ya ɗauki gunaguni. Farfesan da ya koyar da shi ya waiwayo gaba ɗaya. Shugabar ta leƙo ta saman tabarau.

"To, Malam, mun ji sunan. Ina tambayar?"

Ashe bai tanadi ko ɗaya ba. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya tambayi yara nawa aka duba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Chisato ta faɗi adadin.

A bakin ƙofar zauren mahaifinta ya same su. Ya tambayi Ryohei ko mahaifiyarsa ta sani. Ryohei ya ce ya kira ta lokacin abinci. Ta yi kuka, ta ce ai yayansa ya isa ya riƙe sunan gidansu, sannan ta sake yin kuka.

Tsohon ya matso kusa. Sai ya haɗa ƙafafu ya rusuna wa Ryohei, rusunawa mai zurfi, ya daɗe bai ɗago ba. Chisato ba ta taɓa ganin ya yi wa wanda bai kai shi shekaru haka ba. Ta toshe baki da hannu, hawaye suka zubo.

Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Tambayarka ba ta da kai, ɗana. Amsar tana cikin hoton farko da ta nuna a jawabinta."

"Haka ne, Baba."

"Ka sayi takalma masu kauri kafin ka zo. Sanyinmu ba irin na Tokyo ba ne."