Ƙanƙarar Akwatin Zuwaira

"Tsaya! Tsaya ko in hwasa ka!"

Direba ya taka birki – ƙiiii! Ƙaramar bas ɗin ta karkace, ta tsaya da hancinta cikin gonar gero. Rana tsaka ce ta Talata, cikin damina, an bar Tsafe kenan an nufi Gusau. Mutum uku suka fito daga cikin sabara, kowa ya naɗe fuska da rawani.

Na gaba shi ne Yelwa, ogansu, riƙe da bindiga ƙirar maƙera wadda aka ɗaure gindinta da robar taya. Na biyu Munzali, da suke kira Dokta, saboda ya taɓa yin sharar wani kemis a Gusau wata bakwai kafin a kore shi. Shi ya kawo labarin cewa duk Talata motar wani ɗan kasuwar magani tana bi ta nan. Na uku Anas, wanda kan manta farkon maganarsa kafin ya kai ƙarshenta.

"Kowa shi kwanta!" in ji Yelwa.

Kowan nan mutum biyu ne. Direba ya riga ya kwanta tun ba a gama umarnin ba. Ɗayar mace ce, Zuwaira, ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti kusa da Nahuce, can ƙasar Bungudu. Ita ba ta kwanta ba. Ta rungume wani shuɗin akwatin sanyi a ƙirjinta.

Ga abin da ke cikinsa. Jiya kububuwa ta sari wani manomi mai suna Sani yana tsakiyar noma. Aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, sai da jini ya fara fita ta dasashinsa aka kai shi asibiti da safe. Zuwaira ta yi ta waya, ba ta samu allurar dafin maciji ba sai a hannun wata abokiyar aikinta a Tsafe. Kwalba huɗu, 'yan ƙanana, kwance cikin ƙanƙara. Su ta je ta ɗauko, direban motar magani ya rage mata hanya.

"Ku ɗauki komi, ku bar man wanga," ta ce. "Don girman Allah. Allurar maciji ce, mutum na can kwance."

Yelwa ya janye rawani don ya yi dariya da kyau. Harshensa shuɗi ne shar, kamar ya lashi baba.

"Dokta, ka jiya? Duk abin da anka sa cikin ƙanƙara mai tsada ne."

"Fenta ce, Oga," in ji Munzali. "Allurar nan da ka kai mutum sama. Fizge!"

Aka fizge. Zuwaira ta bi akwatin da hannu, Yelwa ya ɗaga bindiga sama – tau! Anas ya zube ƙasa yana salati, ya ɗauka shi aka harba. Sai da Munzali ya shure shi ya tashi. Suka ɗaura kwali uku a kan babura biyu, suka yanki daji – buuu!

Bari in faɗi abin da kowannensu ya karya kumallo da shi a ranar, don mutanen nan ba a gane su ta fuska, sai ta cimarsu.

Yelwa ɗan roci ne. Ƙwayar barci ce mai ƙarfi, masu yin ta suka sa mata launi don kada a jefa wa mutum a abin sha bai sani ba. Yelwa ya mayar da launin nan lambar girma. In ya sha, tsoro ya tafi, tunani ma ya bi shi. Anas kuwa ɗan ruwa ne, wato kodin, maganin tarin nan mai zaƙi, ga shi bai yi tari ba tun yana yaye. Yakan juye shi cikin lemon kwalba mai sanyi, ya yi ta kurɓa har idanunsa su koma kamar na tunkiya mai tuƙa. In ruwa ya yanke, ya shaƙi sholisho na masu faci. Na ji an ce akwai shekarar da ya bi bangon makarantar firamare yana tsintar kashin ƙadangare yana busawa. Na daɗe ina tunanin yadda ƙadangarun suka ɗauki wannan al'amari.

Munzali shi ba ya son abin da ke kawo barci. Nasa tiramol ne, babban, wanda suke kira ja. In ya haɗiyi biyu sai ya ji kamar zai iya saɓa jaki ya kai shi kasuwa.

Wata mota ta kwaso Zuwaira da direba zuwa ofishin 'yan sanda na Tsafe. Sufeto Jibril, wani siriri mai furfura a gemu, ya saurare ta bai katse ta ba.

"Mi kika gani a jikinsu, Malama?"

"Babban nasu, harshensa shuɗi ne."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "To ba su yin nisa. Mai shuɗin harshe inuwa shika nema. Ku tada mota!"

"Da ni za a tahi," in ji Zuwaira.

"Malama, akwai bindiga."

"Akwai ƙanƙara kuma, Yallaɓai, tana narkewa."

Ya dube ta, ya matsa mata wuri.

A daidai lokacin 'yan fashin sun sauka a gindin wata tsamiya, bayan wani falalen dutse. Yelwa ya yanka kwalin farko.

"Dokta, karanta."

"Maganin tsutsar ciki ne, Oga."

"Duka?"

"Duka."

"Allah wadai. Wa ad da tsutsa har haka?"

Kwali na biyu tiramol ne ƙarami, irin na asibiti, da 'yan katunan roci. Na uku kuwa, da aka ɗaga audugar da ke sama, sai ga kwalaben kodin jere kamar sahun salla. Anas ya durƙusa a gabansu, hawaye ya cika masa ido.

"Saura mai tsadar," in ji Yelwa. Ya buɗe shuɗin akwati.

Munzali ya ɗaga kwalba ɗaya ga rana, ya motsa leɓe, ya daɗe.

"Oga, ba fenta ba ce. Matar nan gaskiya ta hwaɗi. Ga ma hoton macijin."

"Tana bugarwa?"

"Ba ta bugarwa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"To mi ad amfaninta?"

A duniyarsu magani iri biyu ne, mai bugarwa da na banza. Anas ne ya leƙa akwatin, fuskarsa ta yi haske.

"Oga, ƙanƙara! Ga lemo huɗu cikin jakata sun yi zahi awa ruwan wanka. Shan ruwa da lemo mai zahi ai wulaƙanci ne... mi nika cewa?"

"Kana cewa a sanyaya lemo."

"Yawwa."

Ya tsame kwalaben allurar ya watsar a kan dutse – tas! tas! Ya jera lemonsa a gurbinsu, ya rufe akwatin a hankali, ya shafa murfin kamar mai lallaɓa jariri.

Cikin motar 'yan sanda, Zuwaira ta ari wayar Sufeto ta kira asibiti. Aka miƙa wa Rabi, matar Sani.

"Malama, kin taso?"

"Ina hanya, Rabi. Yaya jikin?"

"Jinin ya koma hanci. Shina ta tambaya ko an gama noman gefen rafi. Malama, kin samo ko?"

Zuwaira ta dubi hannunta da babu komai.

"Na samo," ta ce. "Ku yi ta addu'a."

A gindin tsamiya, Munzali ya dubi kwalaye, ya dubi abokansa. Rabo uku ya yi masa yawa. Ya ɓallo roci, ya miƙa wa kowa uku-uku a tafin hannu, ya ɓoye katin.

"Ku haɗiyi wanga kahin lemo shi yi sanyi. Sabon kaya ne, ido shika buɗewa."

"Kai hwa?" in ji Yelwa.

"Likita ba shi shan magani gaban marar lahiya, Oga."

Wannan magana ta burge Yelwa. Ya haɗiye, a kan wanda ya sha da safe. Ya tada kai da bindiga.

"In ya yi sanyi ku tada ni," ya ce.

Ba a yi rabin sa'a ba minshari ya kaure. Munzali ya ɗaure kwali biyu a babur, ya bar musu na tsutsa. Don ƙarin ƙarfin zuciya ya watsa ja guda uku a baki, ba ko ruwa. Ya murɗa babur.

Yana hawa kwalta ya ji duniya ta zama tasa. Iska na yi masa kirari. Daga nan sai hannunsa na dama ya fara rawa ba da izininsa ba. Wuya ya sandare. Ido ya juye. Abin da masu sayar da ja ba sa faɗa kenan: in ya yi yawa, jijjiga yake kawowa kamar farfaɗiya. Babur ya yi hagu, Munzali ya yi dama – rim! Kwalaben kodin suka tarwatse a titi, ƙudaje suka samu walima.

Motar da ta taka birki a gabansa ta Sufeto Jibril ce.

Aka kwara masa ruwa. Ya buɗe ido, ya tofar da haƙora biyu, ya ga kaki.

"Yallaɓai, ni ma'aikacin lahiya ne."

"Ina akwatina?" in ji Zuwaira.

Ko marinsa ba a yi ba. "Suna bayan dutse, gindin tsamiya. Yelwa ne da Anas. Yelwa ad da bindiga. Ni rakiya ni yi. In kai ku?"

'Yan sanda suka zagaye dutsen, suna rarrafe, bindigogi a ɗane.

"Kada kowa shi motsa!"

Babu wanda ya motsa. Wata akuya ce kawai ta ɗago kai daga cin rawanin Yelwa. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi aka zare bindigar daga ƙarƙashin kansa. Anas na kwance ya rungume shuɗin akwati, yana murmushi cikin barci.

Zuwaira ta fizge akwatin ta buɗe. Lemo huɗu, sun yi raɓa, sun yi sanyi ƙarara.

Ta juya tana dube-dube. A kan falalen dutse ta gan su. Uku sun zama gari. Ta huɗu ta tsage a gindi, ruwan ya zurare ya bushe, ya bar ɗan farin zane kamar sawun katantanwa. Tururuwa sun zo sun shinshina sun wuce, su ma ba su ga amfaninta ba. Ta durƙusa ta tsince gilasan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin mayafinta.

A ofis, bayan la'asar, Sufeto Jibril ya sa aka zube kayan a kan tebur. Munzali na zaune a ƙasa, shi kaɗai ne ido biyu.

"Dokta, tunda kai likita ne, zo in ƙara maka karatu." Ya tura kodin da ja da ƙullin wiwi da aka samu a aljihun Yelwa gefe guda. "Waɗanga doka ta hana, babu wata magana. Shi kodin na tari tun shekarun baya gwamnati ta haramta shi." Ya tura roci da ƙaramin tiramol wani gefen. "Waɗanga magani ne na gaskiya, amma sai da takardar likita. Likita, ba mai shara ba." Ya ɗaga gwangwanin sholisho da wani ƙullin baƙin abu daga jakar Anas, ya shinshina, ya kau da kai. "Wanga kuwa ina jin doka kunyar rubuta shi ta ji."

'Yan sanda suka yi dariya. An kira ɗan kasuwar mai kaya a waya, ya ce kwali biyu ya sani, na ukun bai taɓa ganinsa ba a rayuwarsa.

Zuwaira ta matso. Ta kwance bakin mayafi, ta zuba gilasan a tsakiyar tebur.

"Yallaɓai, wanga hwa? Wane kashi za ka sa shi?"

Dariya ta mutu. Sufeto ya cire hularsa.

An samu wata allurar daga nesa, aka ce za ta iso ranar Laraba da azahar. Ta kuwa iso a kan lokacin da aka faɗa. Sani ya riga ya cika tun da hantsin ranar. Ya bar Rabi da 'ya'ya huɗu, da gonar gefen rafi rabi nome, rabi ciyawa. Na bi ta wurin bayan sati biyu, fartanyarsa na nan inda ya yar da ita, kabewa ta naɗe ƙotar. Munzali ya tafi gidan yari da gibi da karkataccen wuya. Anas har yau in alƙali ya tambaye shi, sai ya fara bayani ya tsaya ya ce, "Mi nika cewa?"

Yelwa kuwa bai dawo hayyacinsa ba sai ranar Larabar, daidai lokacin da mutanen Nahuce ke jera sahu a bayan gawar Sani. Ya yi miƙa a kan simintin sel, ya yi hamma, ya ga ɗan sanda tsaye a bakin ƙarfe. Ya lashi leɓe da shuɗin harshensa.

"Kai," ya ce, "lemon nan ya yi sanyi?"