Sa Hannun Mu'azu

Inna Ma'u ta tare ƙofar zaure da hannu biyu, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

"Aje hijabin ga, Ummulkhairi! Babu inda za ki tahi!"

"Inna, kwana goma sha tara Mu'azu na tsare! Gobe za a yanke mishi hukunci kan abin da bai ji ba bai gani ba!"

"Sai ki tona asirin ubanki? Don namijin da ko ɗaurin aure ba a yi ba?"

Ummulkhairi ta durƙushe a tsakar gida tana kuka kamar ranta zai fita. Gaskiya yarinyar nan abar tausayi ce, don duk inda ta juya nata ne.

Mahaifinta Malam Attahiru dillalin filaye ne a Gusau, mai bakin da zai sayar maka da rairayi ka yi godiya. Akwai wata tsohuwa, Inna Indo, da mijinta ya rasu ya bar mata fili a Tsafe. Da 'yan bindiga suka tada ƙauyensu ta gudo wajen 'yarta, filin ya zauna ba mai leƙawa. Malam Attahiru ya kai wani baƙon ɗan kasuwa, Alhaji Lukuman, wurin, ya ce masa shi ƙanen mamacin ne, filin gadonsa ne, ya sayar masa har da sunan ƙarya a takarda. Sa hannun shaida kawai ya rage.

Ranar kuwa Mu'azu tela, wanda aka sa musu rana da Ummulkhairi, ya zo gaisuwa ya tsuguna nesa da tabarma. Malam ya miƙo takarda da biro ya ce, "Sa hannu nan, yaro, ka rubuta lambar wayarka." Wane saurayi ne zai ɗaga kai ya karanta takardar suruki? Ya sa hannu yana sunkuye, har da "Allah shi ƙara girma."

Da aka fara haƙa harsashi, Inna Indo ta ji labari ta kai ƙara. 'Yan sanda suka duba takarda, suna ɗaya ne na gaskiya a ciki. A shago suka kama Mu'azu, da tef ɗin awo a wuyansa, bisa laifin haɗa baki da damfara. Malam kuwa tun ranar ya ɓace.

Jiya da Ummulkhairi ta kai wa Mu'azu abinci gidan yari, har hannu ta ɗaga tana roƙo.

"Lauya ya ce suna ɗaya kawai za ka hwaɗi kes ɗin ya juya! Don Allah, Mu'azu, ka hwaɗi!"

Ya rame, idanunsa sun zurma. Ya girgiza kai. "Da wane baki, Ummu? Ko a gida ban taɓa kama sunan Baba ba, sai a gaban alƙali? In na ɗaure ubanki, da wane ido zan dube ki?"

Wannan maganar ce ta hana ta zama. Ta share hawaye ta dubi uwarta. "Inna, ba kotu za ni ba. Wajen Baba za ni. In ya so ya tsine mini a can."

Inna Ma'u ta dube ta, ta sauke hannu, sannan ta raɗa mata inda ya ɓuya.

A Kwatarkwashi ta same shi, gidan ƙanwarsa a gindin dutse, yana kwance a rumfa yana jin rediyo. Yana ganinta ya zabura.

"Wa ya biyo ki?"

"Ba kowa, Baba." Ta zube ta kama ƙafarsa. "Shekaru za a ba shi! Ka taimake ni, ka taimaki tsohuwar ga, filin nan shi kaɗai gare ta!"

"Ke rufe mini baki! Ai na san tuni ya kai sunana, 'yan sanda na bisa hanya."

"Bai kai ba."

Malam ya tsaya cak. "Mi kinka ce?"

"Sun tambaye shi har sun gaji. Ni ya ce mini shi ba ya kama sunan surukinshi." Ta ɗago ta dube shi. "Baba, ya ji kunyarka har ta kai shi kurkuku. Kai ba ka ji tashi ba?"

Ta runtse ido tana jiran mari. Marin bai zo ba. Da ta buɗe, sai ta ga ya kashe rediyon, hawaye na bin gemunsa.

Washegari alƙali ya tambayi Mu'azu karo na ƙarshe wanda ya ba shi takarda. Ya sunkuyar da kai. Sai aka ji murya daga ƙofa: "Ranka shi daɗe, ni ne. Attahiru sunana."

Alhaji Lukuman ya miƙe yana nuna shi. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Aka sallami Mu'azu bayan alƙali ya yi masa faɗa sosai. Fili ya koma hannun Inna Indo. Malam aka yanke masa shekara biyu, kuma ya mayar wa Alhaji Lukuman haƙƙinsa. Ummulkhairi ta yi kukan da ita kanta ba ta san na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Jama'a, girmama manya dole ne, amma kunya ba ta hana karanta takarda. Wanda kuma ya ci ƙasar wani da ƙarya, ya sani a kan nasa za ta fara rushewa.

Ƙanen Malam ne ya yi walicci bayan wata huɗu. Ran Juma'ar farko ango da amarya suka ɗauki tuwo zuwa gidan yari. Mu'azu ya tsuguna nesa kamar yadda ya saba, ya sunkuyar da kai.

"Ɗago, ɗana," in ji Malam. "Yanzu ni ke jin kunyarka."