Titin da Ake Makara

Odessa ta bar injin a kunne, ƙafarta a kan burki. Hantsi ne, amma zafin Florida ya riga ya fara cizo. Ta madubi tana hango ƙofar shagon jingina na tsoho Suggs, inda mijinta Corwin da yayanta Harlan suka shiga da fuskoki a rufe. Titin babu kowa. Gonakin lemo hagu da dama, sai wata saniya da ke kallonta ta bayan shingen waya.

Ita ta zaɓo titin nan.

Tun da aka rufe kamfanin matse lemo da su ukun ke aiki, Harlan yake zancen fashi. Rannan ya tara su a bayan gidansa, yana gasa kifi.

"Waɗanda ake kamawa ba bindiga suka rasa ba," in ji shi. "Lokaci ne ba su sani ba. Duk kiran da aka yi wa 'yan sanda a gundumar nan a rubuce yake, yaushe aka kira, yaushe suka iso. Doka ta ce duk wanda ya nema a ba shi. Ba a tambayar suna, ba a tambayar dalili."

"To sarkin doka, kai ka je ka karɓo mana," in ji Corwin.

"Ni? Hotona ya fi na gwamna yawa a ofishin nan. Dessa za ta je. Ta sa rigar coci, ta yi murmushi."

Ta sa rigar, ta je. Matar da ke tagar bayanai ta ofishin 'yan sanda tana taunar cingam, ko ɗago kai ba ta yi ba. Bayan mako guda ta miƙo mata tarin takardu. Odessa ta baza su a teburin kicin tana bi da yatsa, har ta gano titin bayan tafki. Motar sintiri ɗaya ce ke kula da yankin duka, kuma kowane kira daga can sai an haura rabin awa kafin a iso. Akwai wani layi a gefe, na motar asibiti. Bai shafe su ba, ba ta duba ba.

"Ni dai ba zan harbi kowa ba," in ji Corwin a daren. "Ko harsashi ba zan sa ba."

"Ka tafi da Littafi Mai Tsarki, ka karanta masa har ya miƙo gwal ɗin," in ji Harlan. Har Odessa ta yi dariya.

A cikin shagon, tsoho Suggs ya ɗaga hannu sama. Harlan ya fasa gilashin, yana kwashe zobba da sarƙoƙi cikin jaka.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Corwin. "Yanzu za mu tafi. Ka zauna, kana rawa."

Ya matso zai tura masa kujera. Abin da tsohon ya gani shi ne mutum da bindiga yana nufo shi. Hannunsa ya sauka ƙarƙashin kantar shagon.

Ƙara ɗaya — tau!

Saniyar ta zabura. Ƙofa ta buɗe, Harlan ya fito shi kaɗai, ya faɗa kujerar baya.

"Taka!"

"Ina Corwin?"

"Taka na ce!"

Ta buɗe ƙofarta. Ya cafke wuyan rigarta ta baya.

"Ya mutu, Dessa. A ka ya same shi. Da idona na gani. Kina so ki shiga tsohon nan ya ƙara da ke? Mu ware!"

Ta dubi ƙofar shagon. Ƙofar ba ta motsa ba. Ta dubi yayanta, wanda ya goya ta zuwa makaranta shekarar da uwarsu ta rasu.

Ta taka motar.

Suka tsallake iyakar gunduma. Suka wuce ƙofar wani asibiti mai farin fenti, ba ta ko waiwaya ba.

Ɗan sanda Tobias Greer yana can ɗaya gefen tafkin, wurin wata tirela da ta kife da kankana, lokacin da kiran ya same shi. Ya kunna jiniya, ya zagayo tafkin da iyakar gudun da motar za ta iya. Da ya shiga shagon da bindiga a zare, ya tarar da tsoho Suggs zaune dirshan a ƙasa, kan ɗan fashin a cinyarsa. Tsohon ya ɗaure masa ƙafa da ɗamararsa. Waya na gefe, har yanzu a buɗe.

"Ajiye wannan, yaro," in ji tsohon. "Yanzu ya cika."

Motar asibiti ta iso bayan haka.

Greer ya daɗe a bakin titi yana kallon gonakin lemo. Shagon gwal ya fi goma a cikin gari. Me ya kawo su nan? Washegari ya leƙa tagar bayanai ya tambaya ko wani ya nemi takardun kiran yankin. Babu suna a rubuce, domin doka ba ta ce a rubuta ba. Amma akwai kyamara a saman tagar, kuma ta ɗauki wata mata cikin rigar coci tana murmushi.

A wani ƙaramin masauki a jihar Georgia aka kama ta. Harlan ya aike ta sayo kaza, ta dawo ba shi, ba jaka, ba mota. Tana zaune da ledar kazar a cinya 'yan sanda suka fasa ƙofa. Shi ma bai yi nisa ba. Da ya shiga hannu, kafin a kawo masa ruwan sha ya riga ya ce ƙanwarsa ce ta tsara komai, ga hotonta nan a tagar. Aka yi masa sassauci. Ita kuwa lauyanta ya yi mata bayani a hankali: idan aka yi fashi wani ya mutu, ko da ɗaya daga cikin 'yan fashin ne, sauran ne ke ɗaukar laifin kisan. Ta amsa laifi ba tare da an zauna shari'a ba. Ba ta so ta ji komai, ba ta so ta ga hoto. Aka rubuta cewa ita ta kashe mijinta, ta sa hannu.

Abu ɗaya take riƙe da shi a kurkuku: bai ji zafi ba. A ka ya same shi.

Duk Lahadi tana kiran Mama Vernice, uwar Corwin. Duk Lahadi wayar na ƙara har ta katse. Sai da shekara ta zagayo aka ɗauka.

"Mama."

"Ina jin ki."

"Mama, ni ban san abin da zan..."

"Kada ki ɓata lokacin, ba yawa suke ba ki ba. Na je tagar nan taki."

Odessa ta ƙara manna wayar a kunnenta.

"Na sa hulata ta coci, na je. Na ce ina son muryar da aka naɗa ta kiran da tsohon nan ya yi ranar. Ba su tambaye ni ko ni wace ce ba. Na ce musu ni uwarsa ce, yarinyar ta ce ba sai na faɗa ba. Jikata ta sa min a waya. Na ji shi ni kaɗai har na gaji. Yanzu ke ma ki ji."

"Mama, don Allah."

Sai ƙarar ajiye waya a kan tebur, sai wata murya ta tsoho tana haki.

"Na harbi mutum. Shagon Suggs, bayan tafki. A cinya. Jini yana ta zuba, ku zo."

"Suna hanya, yallaɓai. Yana numfashi?"

"Yana magana ma."

Odessa ta dafa bango.

"Baba," in ji Corwin. Muryarsa tana nan yadda take, kamar yana tambayar ina aka ajiye makulli. "Ka duba bindigar. Ba komai a ciki."

"Na gani, ɗana. Na gani. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ke faɗa?" Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. "Baba, leƙa mini waje. Akwai mota ruwan toka."

An ji takun ƙafa, an ji ƙofa.

"Babu mota."

"Duba ta gefen waya. Matata ce. Ba ta tafiya."

"Babu kowa, ɗana. Sai saniya."

"Za ta zagayo. Ta iya tuƙi, kai. Za ta sauke yayanta ta dawo. Akwai asibiti nan gaba kaɗan, ta sani."

"Yallaɓai, ka ci gaba da danne wurin," in ji matar da ke karɓar kira. "Sun kusa."

"Ba su kusa ba," in ji Corwin. "Nan ana makara. Ita ta gano. Matata akwai kai."

Matan da ke layin waya a bayan Odessa sun daina surutu. Wata ta matsa baya.

"Baba, sake dubawa."

Wata murya ta na'ura ta shigo tsakani, ta ce saura minti ɗaya.

Mama Vernice ta tsayar da abin, ta ɗauki wayar.

"Tsohon ya rufe shagon," in ji ta. "Yana zuwa cocinmu yanzu, yana zama a baya. Ba ya iya kallona. Yayanki kuma na ji saura ƙiris ya fito."

"Mama, ya ce min a ka."

"Na san abin da ya ce miki. Ba shi na aura wa ɗana ba."



"Ko rabin kiran ba mu ji ba," in ji Mama Vernice. "Yana ta tura tsohon nan ƙofa har ƙarshe. In kina so, ki kira Lahadi. In ba kya so, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan sake ɗauka ba."

Layin ya katse.

Ranar Lahadi, tun kafin a buɗe ɗakin wayar, Odessa tana tsaye a ƙofa.