Riƙon Igiyar Zakiru

"Hamdiya! Aje abin nan!"

Manet ɗin, abin da ake dannawa a yi wasan tele, ya suɓuce daga hannunta ya faɗi kan tabarma...

Babanta ne tsaye a ƙofar shagon saurayinta Zakiru mai sharjin waya da hantsin nan, igiya a kafaɗa, ƙafafu duk laka. Baba Jimrau ke nan mai haƙar rijiya, wanda daga Dakoro har Kornaka ba garin da bai sha ruwan hannunsa ba. Bayansa kuwa Raudatu ce ɗiyar maƙwabta, tana gyaran gyale kamar ba ita ta kai tsegumin ba. Yarinyar da tun bara take kawo wayarta sharji shagon nan sau uku a yini, alhali batir cike yake!

"Baba, wallahi ba caca ba ce..."

"Caca aka ce mani! An ce kin bar keken ɗinki kin zo zaman tele!"

Zakiru ya zube ya gaishe shi. Ko kallonsa tsohon bai yi ba.

Hamdiya ta sunkuyar da kai. Wata guda ke nan magabatan Zakiru suna neman ranar zuwa gaisuwa, Baba yana cewa a dakata. In ya furta a'a yau gaban mutane, an gama, don bai taɓa mai da maganarsa ba.

"Kai yaro," in ji Baba, "shekara arba'in ina sauka ƙarƙashin ƙasa, raina ga hannun mai riƙon igiya. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ban ga riƙon igiyarshi ba. Kai kau mi ka iya? Danne-danne?"

Hawaye suka cika idonta. Ta waiga ta kalli tele, sai dabara ta faɗo mata.

Wasan nan, Ɗan Tsalle ake ce masa a unguwa. Na farkon ɗan kwaɗo ne guda yana tsallake duwatsu, mako biyu aka gaji da shi. Amma na biyun da Zakiru ya kawo daga Maradi, wayyo! Gajimare kamar alewa, itatuwa ruwan hoda, kogi ja wur kamar zobo. Daga nan ma Hamdiya take kwaso launin zaren da matan gari ke rububin ɗinkinta. Kwaɗin kuma sun zama biyu, shuɗi da rawaya, an ɗaure su da igiya ɗaya a ƙugu. Ɗaya ba ya ƙetare rami sai ɗaya ya dafe ya riƙe shi.

Ta ɗauki manet, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu.

"Baba... ga igiya nan. Ka sauka, shi riƙe ka."

"Ke! Ni za ki maida yaro?"

"Kai ka ce sai ka gani, Babana."

Baba ya harari telen, hararar ta daɗe fiye da ƙima. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon baƙar laka, ga shi gaban kogin zobo.

"Wanne na nawa?" ya ce a daƙile.

"Rawayan, Baba. Nan za ka danna."

Ya zauna, Zakiru ya ɗauki ɗaya manet ɗin. Tsallen farko kwaɗon Baba ya yi karo da itace. Na biyu ya hau gajimare, gajimaren ya cilla shi sama kamar ƙwallo, sai aka ji tsoho ya ce "Af!" yana ɓoye dariya cikin gemu. A na uku ya zarce cikin wani rami mai aman wuta, ya tsaya yana reto a bakin igiya.

"Ina riƙe da kai, Baba," in ji Zakiru, babban yatsansa danne da maɓalli. "Hau sannu."

A daidai nan tsuntsun zinariya ya gitta saman tele.

Hamdiya ta dafe ƙirji. Wata guda suna farautar tsuntsun nan ita da Zakiru, shi ke buɗe ƙofar ƙarshe, sau ɗaya tak suka taɓa ganin wutsiyarsa. Kuma ba a kama shi sai an saki igiya.

"Zakiru!" Raudatu ta ƙwala ihu. "Ga tsuntsun zinariya! Saki ka yi tsalle, zai wuce!"

Zakiru ko ƙifta ido bai yi ba.

"Sannu dai, Baba... saura kaɗan."

Tsuntsu ya yi fir ya ɓace. Kwaɗon Baba ya dafa bakin rami ya fito.

Tsohon ya aje manet, ya dubi saurayin.

"Ka san yadda nika gwada sabon mai riƙo? Ina cikin rijiya sai in sa a kira sunanshi ta baya. In ya waiga, gida za shi. Na kori mutum goma sha ɗaya."

Ya juya ga Raudatu.

"Ke kau ɗiyata, da kika ce caca ce ba ki ko son ganinta, ina kika san tsuntsun zinariya?"

Shago ya ɗauki dariya. Raudatu ta fice da sauri, har ta bar wayar tata mai cikakken batir.

Baba ya ce wa Zakiru, "Ka ce ma magabatanka su zo Lahadi."

"Baba!" Hamdiya ta rufe fuska da gyale, kuka da dariya a haɗe.

Zakiru ya raɗa mata, "Mun rasa tsuntsu, hasken idona."

"Bar shi shi tahi, masoyi. Na samu nawa."

Bayan an shigar da hatsi aka sa biki. Ranar ɗaurin aure liman ya zauna, goro ya iso, aka nemi uban amarya sama da ƙasa. Can aka tarar da shi a shagon, babbar riga naɗe a kafaɗa, ya tsare ango da manet a hannu.

"Baba, mutane na jira..."

"Su jira! Riƙe mani igiya, na hango tsuntsun!"