Mai Gadin Filin Jirgi

Kwana tara Kailu yana yawo bisa babur tsakanin Filinge da Sanam, yana neman tsohon filin jirgin da kakansa, sojan Faransa, ya yi gadi lokacin yaƙin duniya. Mutumin ya tafi aiki bai dawo ba. Abin da ya bari kawai takardar soja mai lambarsa, da ɗiya guda, uwar Kailu, wadda ta rantse ba ta son mutuwa ba ta san makwancin ubanta ba.

Ranar nan magariba ta riske shi a wani shimfiɗaɗɗen fili, jikinsa duk ya mutu. Yana zama warin kananzir ya buge shi. Ko kukan tsuntsu babu.

Wani saurayi mai jar dara yana bin layin fararen duwatsu, yana kunna gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Wutar na ci, amma ba ta haska ƙasa.

"Sannu da aiki, samari. Wutar mi ce wagga?"

"Ta saukar jirgi ce. Kaftin ya ce kada in gusa sai mai canjina ya taho."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Kailu ya dubi rairayin da saurayin ya taka: sumul, babu sawu.

Saurayin ya ƙame, ya sara, ya karanto lambarsa. Kailu bai ciro takardar ba; tuni ya haddace ta, lambar kakansa ce.

"Ka daɗe, jikana," in ji sojan, yana miƙo masa ashana. "Amshi. Na gaji."